Giwa mai fiffike ta hana ni sakat

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin can? Ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu, ni kuwa na gaji da jira. Dama tambaya gare ni kan farashin takarda a wajenku, amma tsaya ka ji labari tukuna.

Na samu aiki! Wani Alhaji mai gidan abinci ya ce in zana masa fastoci irin na kamfanonin jiragen sama na da, zamanin BOAC da Pan Am, lokacin da sai mutum ya ci ado kafin ya hau jirgi. Da farko so ya yi in kwaikwayi na Turawa. Kyau kam suna da shi: kala uku ko huɗu, manyan haruffa, ba tarkace. Amma da yawansu in an zo kan Afirka sai zaki da raƙumin dawa, mutane kuwa sai ka nema. Na ce masa, Alhaji, tun 1925 fa jirgi ya sauka a Kano, kuma a da a nan jiragen KLM da BOAC suke yada zango su sha mai in sun tsallako Sahara. Don me za mu ari zakin wani?

Sai na zana mai kakakin nan da yake hawa raƙumi a filin jirgi yana busa in jirgi ya iso, jirgin Constellation mai wutsiya uku a samansa, Dala a can baya. Wallahi da Alhaji ya gani sai da ya cire tabarau ya goge. Kai da kake cewa zanena ba zai sayi ko ƙosai ba, sai ka shirya cin tara.

Af, Yaya ta sauka, namiji. Gwaggo ta rantse kanka ya ɗauko, mun yi wa yaron jaje.

Damuwata yanzu giwa ce. Alhaji ya kafe sai an sa tambarin Nigeria Airways, giwar nan mai fiffike, wai da ita ya fara zuwa Makka. Kamfanin ya durƙushe tun 2003, amma a zuciyarsa tana nan tana shawagi. In na ƙara fiffiken giwar ta ɓace, in na rage shi ta ƙi tashi. Ga kuma mai bugawa: shuɗin baba nake so irin na marinar Ƙofar Mata, injinsa sai ya fito da wani shuɗi mai ƙyalli da ke kashe tsufan hoton gaba ɗaya. Ina ganin bugun hannu zan koma, irin wanda ake yi wa riguna, kala ɗaya bayan ɗaya, ko da ribar za ta ragu.

Mai shayi yana cigiyarka, ya ce bashin nan bai mutu ba. Ka gaida madam da yara, kuma don Allah ka riƙa ɗaga waya.

Naka har kullum.