Zuwa ga ƙawata, a kan tambayoyin da muke yi wa yara yanzu

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aiki, ya karatun da ya ƙi ƙarewa? Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke. Ba musu, akwai abin da nake so na tambaye ki, amma ke ma shirun naki ya kai a yi cigiyarki a rediyo. Saƙona na ƙarshe na ga alamar kin buɗe, kika share ni.

An sauya mana tsarin aiki a cibiya. Yanzu duk yaron da aka kawo, duka ne ya kawo shi, ko cin zarafi, ko wani mugun abu da ya gani da idonsa, sai mun tantance shi a kan abu biyu kafin ya tafi: firgicin da abin ya bar masa, da ko yana tunanin kashe kansa. Kin tuna yadda muke kewaye-kewaye a da, "ya kake ji a ranka?", yaro ya ce "lafiya lau", a rufe fayil? To an daina. Da bakinki za ki faɗi kalmar, kina kallonsa.

Ranar bita Hajiya ta miƙe, kin dai san ta, gilashi a kan hanci, ta ce wannan ai koya wa yaro abin da bai sani ba ne. Rabin ɗakin suna gyaɗa kai. Mai horar da mu ba ta yi gardama ba, sai ta kawo wani bincike na 2005 da aka yi a jihar New York ta Amurka da ɗaliban sakandare sama da 2,000. An raba su biyu, aka yi wa wasu tambaya a kan kashe kai, wasu ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran shiga damuwa ba, waɗanda ma dama suke cikin ƙunci sai aka ga kamar sun ɗan samu sauƙi. Hajiya ta ce to yaran Amurka ne. Aka ce mata lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa na kowa ne: mutum sama da 720,000 suke kashe kansu duk shekara, kuma a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29 shi ne na uku a abubuwan da ke kisa. Ta zauna, amma har yanzu idan aka zo nan ni take turo wa yaran.

Tambayoyin huɗu ne kacal, ASQ ake ce musu, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta fitar da su, kuma ba su cin minti ɗaya. A 'yan makonnin nan ka taɓa fatan da ma ka mutu? Ka ji cewa kai ko 'yan gidanku za ku fi hutawa in ba ka raye? A makon nan ka yi tunanin kashe kanka? Ka taɓa gwadawa? In ya ce e ko da sau ɗaya, sai ta biyar: yanzu haka kana wannan tunanin? In nan ma e ce, ba a barinsa shi kaɗai ko na ƙiftawar ido har sai likita ya gan shi. Takardar firgicin, CATS, ta fi tsawo: mugun mafarki, zabura, gudun wurin da abin ya faru, ganin laifin kai. 'Yan shekara 7 zuwa 17 su suke amsa tasu, ƙanana kuwa mai kula da su ne yake amsawa.

Wani yaro aka kawo, bai wuce sha ɗaya ba. Uwarsa ta ce ba shi da matsala, ga ladabi, ba ya ko fita wasa. Muka roƙe ta ta jira a waje. Na gaya masa tun farko cewa maganarsa sirri ce, sai dai in na ga ransa na cikin haɗari, dole na faɗa wa babba. Yana ta jan wani zare a hannun rigarsa. Tambaya ta farko ya ce a'a. Ta biyu ya yi shiru har na zaci bai ji ba, can sai ya ce, "Ai ni na jawo musu duk wannan." Ƙawata, wannan yaron da a tsohon tsari ne da na rubuta "yana cikin natsuwa". Masu fasa kaya da zagin malamai kowa yana ganinsu. Irin waɗannan masu shirun ne suke wuce mu.

Af, kafin na manta, Oga ya yi ritaya. An yi masa taron bankwana, ya yi jawabi har mai ɗaukar hoto ya zauna. Kuma mutuniyarki ta gaji kujerarki ta bakin taga, fankar da kike dukanta ma har yau sai an daka take juyawa. Tana gaishe ki, wai.

Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ke biyo bayan "e". Abin da ke hannunmu muna yi. Mu zauna da yaro mu rubuta tsarin kariya da kalmominsa: me yake ji in abin ya fara taso masa, me ke kwantar masa da hankali, wane babba zai kira. Mu gaya wa iyaye su kulle magunguna da duk wani abu mai haɗari, sannan mu buga waya mu bi sawu. Amma maganin firgicin na gaske, wanda ake kira TF-CBT, zama ne da ƙwararre sau 8 zuwa 25, yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ƙwararrun ba su da yawa, layin jira kuma ya yi tsawo. Ka sa yaro ya buɗe maka cikinsa, sannan ka ce masa ya jira wata da watanni? A taron ma'aikata na ce in dai za mu tambaya, to a ware wanda zai riƙa kiran waɗannan gidajen duk mako har layi ya zo kansu. Sabon shugaban ya ce za a duba. Kin san ma'anar za a duba.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a dakatar da tambayar sai an samu ƙwararru. Uwar yaron nan da ta ji, kuka ta yi sosai, amma a daren ta kwashe magungunan gidan ta kulle, ta dawo da shi ɗakinta. Wannan kam bai jira layin kowa ba.

Ku a can ya kuke yi da masu jira? Kuna da wani tsari, ko ku ma za a duba ne? Ki amsa mini ko da saƙon murya ne, kar ki fake da karatu. A shafa mini kan auta, ki ce wa maigida ina nan ina jiran littafina.

Taki har kullum,
Ƙawarki