Godiya ga ma'aikatan da suka raba gidana da ambaliyar ruwan masai

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin gyaran magudanan ƙazanta da suka yi aiki a gidana.

Na yi muku godiya baki da baki ranar da kuka tattara kayanku, amma raina bai kwanta da wannan kaɗai ba, shi ya sa na rubuta a inda jama'a za su gani. Mun fi saurin ɗaukar alƙalami idan an ɓata mana rai. Idan aka kyautata mana, sai mu ce madalla mu wuce. Yabon gwani kuwa ya zama dole, balle gwanin da sana'arsa ita ce tunkarar abin da kowa ke toshe hanci ya guje masa.

Wanda ruwan masai bai taɓa dawo masa cikin gida ba zai iya ɗauka ambaliya ce irin ta ruwan sama, a share, a shanya kaya, shi ke nan. Ba haka ba ne. Abin ya faro ne da jinkirin tafiyar ruwa a masai, sai kuma makwararar ƙasan banɗaki ta riƙa ƙugi duk lokacin da aka ja ruwa. Daren da aka tafka ruwan sama, baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta wannan makwarara, ya haura dokin ƙofa, ya bi lungu har falo da ɗakin yara. Kafet ta sha, katifar da ke ƙasa ta sha. Warin kuwa ba na ma son tuna shi. Abin da ya fi warin ciwo shi ne kunya: gidanka ne, amma kana fargabar kada baƙo ya yi sallama.

Kafin in same ku na sha wuya a hannun wasu, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Wani tun a waya ya yanka mini kuɗi, bai ga gidan ba, bai tambayi ko ta ina ruwan ke fitowa ba. Ya ce yana hanya, har rana ta faɗi yana hanya. Wani ya zo da jarkar sinadari ya tuttula a masai, ya zura rodi ya ɗan tsokala, ruwa ya ɗan ja baya, ya karɓi kuɗinsa. Kafin gari ya waye komai ya dawo, wayarsa kuma a kashe. Wani ko durƙusawa bai yi ba, daga bakin ƙofa ya yanke hukuncin sai an fasa tayil ɗin banɗaki da na lungu gaba ɗaya. Na je ofishin da ke da alhakin babban bututun layi, aka ce in rubuto a takarda. Na rubuta na kai, aka ce mai sa hannu ya fita. Babu wanda ya tambaye ni ko akwai yara a gidan.

Da wannan zuciyar na kira lambarku, ba na sa ran komai. Baiwar Allah da ta ɗauki wayar ba ta fara da maganar kuɗi ba. Tambayarta ta farko ita ce ko ruwan ya kai wurin soket ko wata waya ta wuta. Ta ce a kashe wuta daga babban makunni, amma sai in za a iya kai wa gare shi ba tare da an tsaya cikin ruwa ba. Ta ce a dakatar da amfani da ruwa a gidan ɗungurungum, ba jan masai, ba wanka, ba wanki, domin duk abin da aka zuba a sama ta makwararar da ta fi ƙasa zai fito. A fitar da yara, a buɗe tagogi, in ɗauki hotunan ɓarnar kafin a taɓa komai ko da za a buƙace su wajen mai gida ko kamfanin inshora. Ta kuma tambaya ko an zuba wani sinadari a bututun, don ma'aikatansu su zo da shiri kada ya fantsamo musu a ido. Ta faɗi lokacin da za su iso, kuma a lokacin suka iso.

Amma wanda ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa shi ne dattijon da ya jagoranci ma'aikatan. Baba nake kiransa, haka yaransa ma ke kiransa. Da ya shigo ya ga halin da gidan ke ciki, fuskarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Na fara ba shi haƙuri saboda warin, ya ɗaga hannu ya ce, "Maigida, ai don wannan muka zo. Allah ya kiyaye gaba. Nuna mini murafun da ke tsakar gida."

Ban taɓa lura da amfanin waɗannan murafu na ramukan duba bututun ƙazanta ba sai ranar. Ya sa aka buɗe su bi da bi, daga na jikin banɗaki zuwa na bakin ƙofar waje. Na kusa da gida cike yake fal, na bakin ƙofa kuwa kusan a bushe. Ya kira ni ya nuna mini, ya ce toshewar tana tsakanin waɗannan ramuka biyu, domin da babban bututun layi ne ya cika, da dukkansu sun cika. Wato ba a cikin banɗaki matsalar take ba, babu dalilin taɓa tayil ko guda. Bayanin da bai ɗauke shi minti biyar ba ya ceci daɓen gidana daga guduma.

Na lura kafin kowa ya leƙa rami, sai an bar shi a buɗe ya sha iska, kuma akwai wata 'yar na'ura maƙale a ƙirjin Baba. Na tambaye shi, ya ce ta auna iskar guba ce. Ƙazanta idan ta ruɓe tana fitar da iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Ya ce mutane na mutuwa a irin waɗannan ramuka, kuma sau da yawa har da wanda ya shiga ceto. Ya ja mini kunne kada in taɓa barin kowa ya shiga, komai gaggawa. Yaransa duk da doguwar safar hannu, takalman roba, tabarau da takunkumi. Ɗaya ya cire safa zai amsa waya, Baba ya dube shi kawai, yaron ya mayar.

Aikin kansa bai ɗauki dogon lokaci ba. Sun zura mesa mai feshin ruwa da ƙarfi, aka ji toshewar ta ɓalle, ruwan ramin ya zuƙe. Wani a nan zai ce an gama, ya miƙo hannu. Baba ya ce a'a, sai ya ga abin da ya jawo. Suka tura kyamara a bakin doguwar waya, ya kira ni gaban allon. Gani ya kori ji. A wata mahaɗa da bututu biyu suka ɗan rabu, saiwoyin bishiya sun kutsa ciki sun yi curi kamar gashin da ya cuɗe a mataji, duk abin da ya zo wucewa sai ya maƙale: maiƙo, tsumma, tishu mai danshi. Ya ce bishiya danshi take bi, ƙaramar tsaga ta ishe ta, kuma ko ganga guda ta sinadari aka zuba ba za ta rufe tsagar ba. Sai kuma ya gano abu na biyu, wanda babu wanda ya ko hango shi: wanda ya gina gidan ya haɗa bututun ruwan rufi da na masai. Bututun ƙazanta na gida yawanci inci 4 ne, an yi shi don ruwan banɗaki da na wanke-wanke. Idan aka ɗora masa ruwan rufi gaba ɗaya ga kuma saiwa ta cinye rabin hanya, ina ruwan zai bi in ba cikin ɗaki ba? Suka haƙa daidai wurin mahaɗar, suka sauya guntun da ya lalace, suka raba ruwan rufi da na masai. Har gangarar sabon guntun ya auna, ya ce kamar santimita 2 a kowace mita ake so, don kada ƙazanta ta kwanta a hanya.

Ga inda ya ƙara girma a idona. Na ji labarin wani bawul da ake sawa ya hana ruwa komowa baya, na ce a saka mini ko nawa ne. Mutumin da ya kwana cikin wannan wari ba ya ciniki, kuma Baba ya san haka. Amma ya ce in dakata. Ya ce bawul ɗin yana da amfani sosai ga gidan da ya yi ƙasa da titi, ko inda babban bututun layi ke tumbatsa idan an yi ruwa. Yana kuma da sharaɗi: sai ana buɗe shi ana tsaftacewa, kuma duk lokacin da ya rufe, ruwan gidan ma ba shi da hanyar fita. Ya ce nawa ciwon saiwa ce da ruwan rufi, an kuwa magance su, in ga yadda damina za ta kasance tukuna. Kuɗi ne na miƙa masa da hannuna ya ce in mayar aljihu. Na daɗe ban ga irin haka ba.

Wajen tsaftace ɗakuna ma bai bar mu cikin duhu ba. Uwargida ta so a wanke katifar a shanya a rana, domin ba ta daɗe da saye ba. Bai yi mata dariya ba, bai kuma yi mata faɗa ba. Ya ce, "Hajiya, na san da ciwo. Amma soso ya riga ya sha har ciki, rana bayansa kawai za ta busar, kuma yara ne za su kwanta a kai." Ya bayyana mata cewa ruwan masai na iya ɗauke da ƙwayoyin kwalara, taifot, ciwon hanta nau'in A da cututtukan gudawa iri-iri, don haka duk abin da ke tsotse ruwa kuma ba ya wankuwa har ciki, kamar katifa, kafet da kwali, rabuwa da shi ya fi. Tufafi a wanke su daban da ruwan zafi. Daɓe da bango kuwa a fara da sabulu da ruwa, sai an kawar da dattin sannan a bi da bilic, domin bilic ba ya aiki sosai a kan datti. Ma'aunin da ya ba mu kofi 1 ne a ruwa kamar lita 19. Ya maimaita har sau biyu cewa kada a gauraya bilic da wani maganin wanke masai, musamman mai asid ko amoniya, don haɗin na tayar da iska mai guba. Ya ce a hanzarta busar da ɗakunan da fanka da buɗaɗɗun tagogi, saboda fumfuna na fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48 a wuri mai laima. Ta yarda aka fitar da katifar ba tare da ranta ya ɓaci ba, abin da ni da na yi ta fama ban iya ba.

Da muna hira ya yi maganar abin da suka fi cirowa daga bututun mutane: man girki da kitse da ake zubawa a wurin wanke-wanke, tishu mai danshi, audugar mata, kunzugun jarirai. Maiƙo yana shiga a narke, ya huce ya daskare a jikin bututu. Tishu mai danshi kuwa, har wanda aka rubuta a jikinsa cewa ana iya jefawa a masai, ba ya narkewa kamar takardar bayan gida. Wannan ba matsalar ƙananan gidaje ba ce kawai. A 2017, a unguwar Whitechapel ta birnin Landan, an gano dunƙulen maiƙo da tishu a magudanar ƙasa mai tsawon mita 250 da nauyin kusan tan 130, aka shafe makonni ana farfasa shi.

Abin da ke damuna shi ne, duk abin da kuka yi ba wani abin al'ajabi ba ne. Kun zo a kan lokaci, kun duba kafin ku yanka farashi, kun faɗi gaskiya, kun ba da rasit mai bayanin aiki dalla-dalla, kun wanke tsakar gida kafin ku tafi. Haka ya kamata kowa ya yi. Amma an kai matsayin da idan aka yi wa mutum hakan sai ya riƙa mamaki. Magina na binne murafun dubawa a ƙarƙashin siminti don wuri ya yi kyau, ranar da bututu ya toshe a rasa ta inda za a fara. Ana sayar da gida ko a ba da haya babu wanda zai iya nuna maka ta ina bututu ya bi. Masu kiran kansu ƙwararru na tura yara cikin rami da gajeren wando da bokiti, ba safa ba takunkumi, kamar ransu ba rai ba ne. Ofisoshin da aka kafa don irin wannan rana kuwa, sai ka shiga da matsalarka ka fito kana jin kamar roƙo ka je. Takardar da na kai wancan ofishi har yau ko kiran waya ban samu a kanta ba. Da a ce babban bututun layi ne ya toshe, abin da ba ku da hurumin taɓawa, ban san inda za mu sa kanmu ba.

Ina roƙon shugaban kamfanin ya isar da gaisuwata ga baiwar Allah mai amsa waya, da matasan da suka yi haƙa, da Baba musamman. Ku riƙe shi da kyau, ku kuma bar matasan nan su daɗe a ƙarƙashinsa. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku daga haɗarin wannan aiki, ya yi wa kasuwarku albarka.

Naku,
Wani magidanci da kuka yi wa aiki.