Wasiƙa daga Daura kan kuɗin sauyin yanayi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaya ko kuɗin da ake alkawari a tarukan sauyin yanayi suna isowa gonakin nan. Suna zuwa, amma a makare, kuma yawanci rance ne.

Duk Afirka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma manomin Zango da na Baure ne ke sake iri idan ruwa ya ɗauke bayan shukar farko. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, sai 2022 suka cika. A shekarar ce ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya, aka kuma amince a taron Masar da asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa. Abin da aka fara tara masa a Dubai a 2023 kusan dala miliyan 700 ne, na duniya gaba ɗaya. Daidai da rancen da Bankin Duniya ya ba Nijeriya kaɗai don ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wani ya kunna wuta, mu muke cin bashin ruwan kashe ta.

Ɗan abin da ya iso ma, dashen itace ke cinye shi. Ana kawo dashe a ƙarshen Agusta, ruwa ya ɗauke a Satumba saiwa ba ta kama ba, da kaka kuma a saki awaki. Dashe na Yuli ne, a kewaye shi da ƙaya, a sa mai ba shi ruwa a ranin farko. In babu kuɗin wannan, gara a bari.

Dabarar mutanen Maraɗi ta fi araha. Lokacin sharar gona kada a tumɓuke kututturen gawo, kalgo ko sabara. A zaɓi tofo 3 zuwa 5 masu ƙarfi, a sare sauran, a rage rassan ƙasa. Saiwar tsohuwa ce, ba ta neman ban ruwa. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. A faƙo, a haƙa ramuka da rani, faɗi santimita 25, zurfi 15, a tara ƙasar ta gefen gangara, a zuba takin gida cikin hannu 2. Ɗanyen kashi yana ƙona iri, sai wanda ya ruɓe.

Damuwata gatari ce. Tun da gas ya yi tsada girki ya koma gawayi, kuma gawon da aka raina shekara 5 dare ɗaya ake sare shi. Sai mai gari da masu unguwanni sun sa doka da tara kafin manomi ya yarda ya bar itace a gonarsa.

A gaida mutan gida.

Naka,
amininka na Daura