Ɗan da ya girma yana shaye-shaye: a ciyar da shi, kada a ba shi kuɗi a hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da wasu iyaye da ba a cika yin magana da su ba. Duk lokacin da aka taso da zancen shaye-shaye, sai a tsaya kan tarbiyyar ƙananan yara da kira ga gwamnati. Amma wanda ke hana iyaye barci a gidaje da yawa ba yaro ba ne. Ɗan shekara 28 ne ko 35, da gemunsa, wani ma har da mata da 'ya'ya. Ya wuce duka, ya wuce faɗa, kuma duk safiya yana bakin ƙofar mahaifiyarsa yana neman dubu biyu.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwaya. Abin ya fi kamari tsakanin 'yan shekara 25 zuwa 39, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Ke nan yawancinsu manya ne, kuma da yawansu a gaban iyayensu suke zaune.

Iyaye kan rabu gida biyu. Uba ya ce ya yafe shi, ya bar masa gida. Uwa ta ce ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai ta riƙa ba shi a ɓoye daga kuɗin adashenta. Mu kuwa a ganinmu an daɗe da share mana hanya a aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, inda aka hana a miƙa wa wanda ba ya iya riƙon dukiya dukiyar a hannu, kuma a cikin ayar nan dai aka ce a ciyar da shi, a tufatar da shi, a faɗa masa magana mai daɗi. Ga yadda abin yake a aikace.

A fara da kuɗi, domin nan ne gida ke yoyo. Tsabar kuɗi ba ta shiga hannunsa, komai ƙanƙantarta. Yana jin yunwa? Ga tuwo. Ba shi da lafiya? A raka shi, a biya a wurin mai karɓar kuɗi na asibiti. Takalminsa ya tsinke? A sayo masa mai sauƙin kuɗi, wanda ba zai yi daraja a hannun 'yan gwanjo ba. A canza lambar sirri ta katin banki da ta waya, a daina aikensa wurin mai POS. Gwala-gwalan Hajiya da takardun fili da na gida su koma wurin amintacce a wani gidan. Mai shagon unguwa da mai kyamis a gaya musu baki da baki cewa daga yau duk bashin da aka ci da sunan Alhaji, Alhaji ba zai biya ba. Bashin dila kuwa ba a biyansa sam: ranar da aka biya, ranar ya gane gidan nan akwai samu, ya ƙara buɗe masa littafi.

Inda wannan tsari ya fi rushewa shi ne wurin mutum ɗaya mai taushin zuciya. Wani lokaci kaka ce, wani lokaci yayarsa da ke gidan miji, wadda zai kira da dare ya ce kwana biyu bai ci komai ba. Don haka kafin a gaya masa komai, sai manya sun zauna su kaɗai sun zama baki ɗaya. Duk wanda ya kira, amsa guda ce: “Zo gida ka ci abinci.” Kuma a sa rai abin zai ƙara zafi kafin ya lafa. Zai yi kuka, zai yi rantsuwa da Alƙur'ani, zai ce ba a ƙaunarsa, ƙila wani abu ya ɓace a gidan. Idan aka sassauta a wannan gaɓa, abin da ya koya shi ne cewa ihu na biya.

Sai zaman da za a yi da shi. Ba a yinsa yana a buge, ba a yinsa cikin fushi bayan an kama shi da sata, kuma ba a tara masa dangi goma a zaure kamar kotu. Mutum biyu ko uku sun isa, da hantsi bayan ya karya, a haɗa da wanda yake jin nauyinsa, kawu ko tsohon malaminsa. Sharuɗɗan kada su wuce uku ko huɗu: ba a shigo da ƙwaya ko abokan sha cikin gidan nan, ba a ɗaga wa kowa hannu, ƙarfe goma ake rufe ƙofa, ranar asibiti ba fashi. Kowane sharaɗi a faɗi abin da zai biyo baya idan an karya shi, kuma ya zama abin da iyayen za su iya aikatawa. Uban da ya ce “zan kore ka” sau ashirin bai kora ba, ya zubar da maganarsa da hannunsa. Gara ya ce, “In ka dawo bayan goma, a soro za ka kwana,” kuma daren farko da hakan ta faru a bar shi a soron, da tabarma da bargo, ko da uwar za ta kwana tana juyi.

Baki kuwa a kiyaye shi. Tsinuwa ba ta taɓa raba kowa da kodin ba, kuma hadisi ya inganta a Muslim cewa kada mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a. Ranar da ya wuni garau, a zauna da shi, a ci abinci tare, a tura shi wani ɗan aiki, a yaba. Ranar da ya shigo yana layi, ba wa'azi ba gardama, a tabbatar dai ya kwanta lafiya, magana sai gobe.

Akwai magunguna biyu da jama'armu suka yarda da su, mu kuwa muna roƙon a yi hattara. Na farko aure. “A yi masa aure zai nutsu.” Abin da ke faruwa shi ne a ɗauko 'yar mutane a ɓoye mata gaskiya, bayan wata shida kayan ɗakinta su fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma ya riga ya yi auren, kuɗin cefane da na makarantar jikoki a hannun matar za a sa, ko a kai kayan abincin kai tsaye. In yana dukanta, kada a ce mata ta yi haƙuri ta rufa asiri. A fitar da ita da yaran tukuna. Na biyu jari. A sayo masa babur ko A Daidaita Sahu alhali yana shan Tramol, an haɗa masa kuɗin shiga na kullum da ran fasinjoji. Sana'a tana da amfani ƙwarai, amma bayan ya yi watanni yana bin magani, kuma a ƙarƙashin ubangida wanda ciniki ke bi ta hannunsa.

Yanzu ga abin da ya shafi rai, kuma nan muke son iyaye su karanta a tsanake. Kulle mutum a ɗaki don “ta fita daga jikinsa” yana iya kashe shi, ya danganta da abin da yake sha. Mai shan kodin idan ya daina, cikin kwana ɗaya zai fara hamma da zufa da majina da ciwon gaɓɓai, sai amai da gudawa; abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Wahala ce mai tsanani, kuma ruwan jikinsa na iya ƙarewa. Amma mai shan ƙwayoyin sa barci irin su roci ko D5 kullum, ko wanda giya ta kama, idan aka yanke masa lokaci guda yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ya rikice, har ya mutu. Irin wannan likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Shi kuwa Tramol, wanda asibiti ke bayarwa mai miligiram 50 ne ko 100, na kan titi kuwa har mai 225 da 250, kuma yawansa kaɗai na jawo jijjiga. Tunda kusan dukkansu haɗawa suke yi, a tattara fankon kwalabe da bawon ƙwayar da aka tsinta a ɗakinsa a kai wa likita ya gani. Wanda zai sayi abin gwajin fitsari ya tambaya da kyau, domin gwajin da ke nuna kodin ba lallai ya nuna Tramol ba. Shi yana da nasa daban.

Wuraren zuwa suna nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, mai sashe na musamman don masu shaye-shaye. Akwai na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. A Kano akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Gidan mari kuwa, kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa da Daura a 2019: ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyaye ne suka kai su da kuɗinsu. Duk wurin da ba za a bar ka ka ga ɗanka ba, ko babu ma'aikacin lafiya, kada ka bar shi a can. Idan ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana binsa, a yi masa addu'a da ruƙiyya, amma a kai shi asibiti a ranar.

Lokaci mafi haɗari shi ne makonnin farko bayan ya fito daga asibiti ko gidan yari. Jikinsa ya manta adadin da ya saba, idan ya koma ya sha kamar da, sai ta yi masa karo. Alamar ita ce a tashe shi ya ƙi tashi, numfashi ya yi ƙasa ko ya koma wani irin minshari, baƙin idonsa ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, leɓe ya sauya launi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a ɗaga haɓarsa, a nemi mota, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, domin akwai allurar naloxone da ke warware kodin da danginsa. Haka nan in ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka barazana ce kawai: a kwashe fiya-fiya da sauran maganin ƙwari daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai. Komawa ruwa kuma ba ya nufin kuɗin magani ya tafi a banza. Masana na ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan koma bayan jinya. A mayar da shi wurin likitansa da wuri, sharuɗɗan gida su ci gaba yadda suke.

To yaushe ake cewa ya bar gidan? Idan ya ɗaga wa wani makami, ko ya doki mahaifiyarsa, ko ya mai da gidan wurin sayarwa, ko ya fara ɗanɗana wa ƙannensa. A nan haƙƙin sauran 'yan gida ya rinjayi nasa, kuma kiran hukuma ba cin amana ba ne. Ko a nan ɗin ma, a gaya masa kwanonsa na nan a soro safe da dare, kuma duk ranar da ya ce asibiti za a kai shi. 'Ya mace ba a tura ta titi, domin abin da ke jiranta a can ya fi ƙwayar muni. A mayar da ita gidan gwaggo ko kawu mai tsayayyar magana, a kan sharuɗɗan nan dai, kuma a nemi ma'aikaciyar lafiya mace da za ta iya sakin jiki da ita.

Iyayen kansu su riƙa auna hawan jininsu. Kada a cire ƙannensa daga makaranta don a biya kuɗin jinyarsa karo na uku, kuma kada a bar uwa ita kaɗai da gadi. 'Yan uwa su raba kwanakin rakiya asibiti a tsakaninsu, a rubuta wa kowa ranarsa.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya shirya mana zuri'a.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa,
Kano