Ɗigon kalsiyam a bangon ido ba kansa ba ne, amma a auna jini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin ma'aikatan ido da masu karatu kan wani abu da ake gani a cikin idon dattawa, wanda yakan tayar da hankali ba gaira ba dalili, alhali abin da ya kamata a bincika yana wani wuri daban.

Idan aka ɗiga wa mutum maganin buɗe ƙwayar ido, aka jira minti 20 zuwa 30, aka haska can ciki, wani lokaci akan ga wasu tabbai masu launin fari da ɗorawa-ɗorawa, wasu a shafe, wasu sun ɗan tasa. Sinadarin kalsiyam ne ya taru a cikin farin ido, wato bangon nan mai tauri, ta ɓangaren baya, har yana turo shimfiɗar jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin tantanin gani. Wurin zamansa kusan ɗaya ne: sama, ta gefen kunne, kusa da manyan jijiyoyin da suka yi baka. Sau da yawa a ido biyu ne, kuma galibin masu shi sun haura shekara 60. Da yake ya kauce wa tsakiyar gani, mai shi ba ya jin komai, ganinsa garau.

Matsalar ita ce kamanninsa. Yana kama da kansar da ta yaɗu zuwa ido daga nono ko huhu, don haka akan jefa iyali cikin fargaba da kashe kuɗi. Sikanin ido na sauti yana raba gardama cikin 'yan mintoci: kalsiyam yakan fito fari tas, ya jefa baƙar inuwa a bayansa, abin da ƙarin kansar da ta yaɗu ba ya yi. Hoton OCT, wanda ke nuna shimfiɗun bayan ido dalla-dalla, yana nuna tudun daga farin ido ya taso, mai gargada kamar dutse. Shi dai idon ba ya bukatar tiyata ko haske ko allura. A riƙa dubawa sau ɗaya a shekara, sai fa idan gani ya ragu ko mutum ya fara ganin miƙaƙƙen layi a karkace, domin a wasu 'yan tsiraru sababbin jijiyoyi kan tsiro a gefen tabon su yi yoyo.

Mafi yawan masu wannan tabo ba a samun wani dalili a jikinsu. Amma a wasu, shi ne alama ta farko ta cutar da ta daɗe tana cin jiki a ɓoye. Ta farko a wuya take. A bayan tayiroid, wato ƙullin da ke gaban wuya, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu da ake kira faratayiroid, kowacce kamar ƙwayar shinkafa. Idan ɗaya ta kumbura, sai ta riƙa ɗebo kalsiyam daga ƙashi tana zubawa cikin jini. Daga nan sai tsakuwar ƙoda, ciwon ƙashi, taurin bayan gida, yawan fitsari da ƙishirwa, abubuwan da ake ɗora wa tsufa kawai. Cire ƙwayar da ta kumbura yakan warkar da cutar.

Ta biyu a ƙoda take. A ciwon Gitelman da na Bartter, waɗanda gadonsu ake yi, ƙoda tana zubar da gishiri da fotasiyam, a na Gitelman har da maganiziyam sosai. Mai shi yana fama da kasala, ɗaurewar tsoka da kwaɗayin gishiri, kuma ƙarancin fotasiyam na iya rikita bugun zuciya. Ƙarancin maganiziyam ɗin ne kuma ke sa kalsiyam ya taru a gwiwa da wuyan hannu, su kumbura su yi zafi. Tsohon ciwon ƙoda da yawan shan bitamin D su ma suna cikin lissafi.

Saboda haka duk wanda aka ga wannan tabo a idonsa, a auna masa kalsiyam, fosfet, maganiziyam, fotasiyam, bikabonet, kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda), sinadarin faratayiroid da bitamin D. Lafiyayyen kalsiyam yana tsakanin 2.2 da 2.6 milimol a lita, fotasiyam 3.5 zuwa 5.0, maganiziyam 0.7 zuwa 1.0. A haɗa da albumin, wani furotin na cikin jini, domin idan ya yi ƙasa da giram 40 a lita, sakamakon kalsiyam yakan yi ƙarya. A ƙara wa sakamakon kalsiyam ɗin 0.02 kan kowane giram na albumin da ya ragu. Kada a bar roba ta daɗe ɗaure a hannu wajen ɗibar jini, tana iya ɗaga adadin. Fitsarin awa 24 yana taimakawa: kalsiyam ɗinsa kaɗan ne a Gitelman, amma daidai ko da yawa a Bartter.

A tambayi majiyyaci magungunan da yake sha, har waɗanda ya saya da kansa a kemis. Maganin hawan jini na dangin tayazaid yana ɗaga kalsiyam, ya sauke fotasiyam da maganiziyam, har a ɗauka Gitelman ne. Kada dai ya daina sha sai likitansa ya canja masa wani.

Naka,
Wasu likitocin ido