Malam, ga inda nake daren da aka kai 'yata asibiti

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Asabar, a taron koya wa 'yan mata sana'a da aka gayyace ni, ka karɓi lasifika ka yi mini tambaya uku a gaban yaran da nake koya wa girki. Ka ce wa ke dafa wa maigidana tunda ni ina dafa wa gari. Ka ce halal nake nema ko suna. Sannan ka sassauta murya ka ce: "Daren da aka kai autarki asibiti, kina ina?" Ban tanka ba, domin da na buɗe baki kuka zan yi. Washegari sai ga maganar a shafinka na Facebook, har kana cewa shiruna ya isa amsa. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan ba ka amsa.

Ta farko da ta biyu ba za su ci mini lokaci ba. Maigidana bai kawo maka ƙara ba, kuma abin da ke cikin tukunyarmu tsakanina da shi ne. Suna kuwa, shekara 11 ke nan ina girkin biki a Kano. Ka tambayi iyayen amaren da na yi wa aiki ko na taɓa cin kuɗin wata na saɓa mata alkawari.

Ta ukun ce ta hana ni barci. Ina wajen dina, Malam. Abincin mutum 400 na kai, dafa-duka da waina da farfesu da zoɓo. Da safe na taɓa goshinta na ji ɗumi, na ba ta farasitamol, na ce in na dawo sai mu ga likita. Wayata tana cikin jaka a ƙarƙashin tebur, kiɗa ya cika ɗaki, ni kuma ina tsaye a kan kuloli kada a yi wawaso. Sha ɗaya saura na dare na duba, na ga kira 17. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai har ta fara jijjiga. Mahaifinta ya saɓa ta a kafaɗa, ko takalmi babu, ya fita titi neman adaidaita sahu. Na isa asibiti da ƙaurin hayaki a jikina, an riga an ɗaura mata ruwa. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne: "Umma, kin gama aikin?"

Shekara biyu ke nan, kuma har yau maganar nan tana dawo mini ko a kan sallaya nake. Na yi kuskure ranar, ban nemi wanda zan ɗora wa ba. Abin da ba ka tambaya ba shi ne me na yi bayan nan. Na daina karɓar biki sama da biyu a mako. Juma'a ko tukunya ba a ɗora mini ta kasuwa. Na sayi 'yar ƙaramar waya wadda mutanen gida kaɗai suka san lambarta, tana rataye a wuyana duk inda nake. Bayan sallar isha'i ba na buɗe WhatsApp, ko da uwar amarya za ta yi fushi, kuma sun yi. Bayan ƙaramar sallar bana, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, na mayar da aiki shida, ina kallo wasu suka karɓa. Wata tsohuwar kwastomata har yau ba ta amsa gaisuwata. Ban ce maka na daidaita komai ba. Kullum sai wani abu ya yi asara, wani lokacin ciniki, wani lokacin barcina, wani lokacin zumunci, don akwai sunan da ban je ba a dangi. Abin da na yi wa Allah alkawari shi ne asarar ba za ta sake faɗawa kan yarinya marar lafiya ba.

Kai malami ne, ka fi ni sanin labarin Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, wadda ta aika a tambayar mata Manzon Allah (SAW) ko tana da lada in ta ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ce mata lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Kuma matar Bahaushe ba yau ta fara sana'a ba. Kakata daga cikin kulle take matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, amma wa ke kai shi kasuwa? Mahaifiyata ce, da faranti a ka, tana 'yar shekara 8, shi ya sa ba ta ga aji ba. Ni na zaɓi in fita da ƙafata don kada 'yata ta ɗauki tallar. Mata 9 ke aiki a wurina, huɗu zawarawa ne masu riƙon 'ya'ya.

Ga abin da ke ci mini rai kuma. Maza nawa ne ke fita Kwari ko Singa ko Dawanau tun yara ba su tafi makaranta ba, in an tashi kasuwa su zarce majalisa, sai sha biyun dare su buga ƙofa? Akwai wanda bai san ajin da ɗansa yake ba. Ban taɓa jin ka tsayar da ɗayansu a taro ka ce masa yana ina daren da ɗansa ya kwanta ba. Ana ce masa mai neman na kansa, a sa masa albarka. Ba kuma na jin kana tambayar abin da ke tsawaita mana yini. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya daga kasuwa ya haura, na gas ya haura, ribar da biki ɗaya ke bayarwa a da sai an yi biyu. Sau da yawa ƙarfe biyun dare nake tashi markaɗe, domin a lokacin ne aka kawo wuta.

Labarin asibitin nan ba a jarida ka karanta shi ba. Maiɗakinka ce ta zo dubiya da ayaba da lemo, ta zauna a gefen gado muka yi kuka tare, na faɗa mata abin da ke zuciyata a matsayin maƙwabciya. Da nasiha kake nufi, gida huɗu ne tsakaninmu. Na lura ba abin da ke tara maka jama'a a shafinka kamar maganar mata masu sana'a, kuma ina ganin abin da ya ja ka ke nan, Allah ne masanin zukata. Amma da ciwon 'yata ka tara su wannan karon. Yanzu ta iya karatu, yayyenta kuma suna da waya.

Ina roƙonka ka goge rubutun. In da sauran tambaya, ranar Juma'a ina gida, mahaifinta ma yana nan bayan an sauko daga masallaci.

Wassalam.

Maƙwabciyarka mai girkin biki,
Kano