Amsa ga tambayarki a kan Mustafa Sa'id da Husna

Assalamu alaikum, 'yata.

A taron ɗalibai 'yan garin Mai Wurno da aka yi a Sinnar, a nan Sudan, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni ko Mustafa Sa'id, na cikin littafin Ɗayyib Salih, marubuci ɗan Sudan, mai suna Mausimul Hijra ilash Shamal (Lokacin Hijira zuwa Arewa), shi ne Gabas, matarsa Baturiya Jin Moris kuma ita ce Yamma, kamar yadda ake koya muku a aji. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsar da ta kwanta mini a rai ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malamanku ba su yi kuskure ba. Marubucin ya sanya haihuwar Mustafa a Khartum a 1898, shekarar da sojojin Kicina, janar ɗin Ingila, suka karya rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Karari, sannan ya bi da shi ta Alkahira zuwa Landan, inda ya mai da matan Ingila abin huce haushin mulkin mallaka, har ya kashe matarsa ya yi shekara bakwai a kurkuku. Ɗakin da ya gina a ƙauye bayan dawowarsa, mai murhu irin na Turawa da tarin littattafan da babu na Larabci ko ɗaya a ciki, ya isa shaida. Mu da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903 don gudun wannan mulkin, mun fi kowa sanin irin wannan ciwo.

Sai dai ina tsoron karatun da ya tsaya a nan, domin yana ba mu damar ɗora laifin duka a kan baƙo. Ki koma ga Husna 'yar Mahmud, matar da Mustafa ya aura a ƙauyen, ya ɓace ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ba ta taɓa ganin Landan ba. Ta faɗa da bakinta cewa idan aka tilasta mata auren Wad Rayyis, tsoho mai auri-saki wanda ya kai shekara saba'in, za ta kashe shi ta kashe kanta. Mahaifinta ya ɗaura auren, ita kuma ta cika maganarta. A wannan rikici babu Bature ko ɗaya, al'adar gida ce ta ci karo da mace da ta ce tana da ra'ayi a kan rayuwarta. Idan muka ce Husna alama ce ta zamani, Wad Rayyis alama ce ta gargajiya, mun rufe fuskar mace mai rai da zanen fassara, alhali ko shari'a ta hana a aurar da bazawara sai da izininta.

Wanda ya fi hana ni barci shi ne mai ba da labarin, wanda Mustafa ya bar wa amanar iyalinsa, ya yi karatu shekara bakwai a Turai, ya san auren zalunci ne, amma ya koma bakin aikinsa a Khartum ya bar ta a hannunsu. Littafin ya fito a 1966, kuma har yau ina haɗuwa da irinsa a tsakanin masu bokonmu, a wajen ɗaurin auren da kowa ya san amarya kuka take yi a ɗaka. Na taɓa zama a irin wannan taro, na karɓi dabino, ban ce uffan ba, kuma yarinyar 'yar ƙanwata ce.

Wassalam,
Kawunki a Mai Wurno